Alamar Tambaya Biyu

Ƙarfe biyu na dare a Cần Thơ,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Khiêm na zaune tsakanin na'urori masu huci,
kofinsa ya huce, madara ta kwanta a gindi.

Waya ta yi ƙara. Murya daga tsakiyar teku:
Hữu Lộc ne, mai kula da injin jirgin dakon shinkafa,
kwana goma sha tara rabonsa da taka ƙasa.
Ya ce, ƙanwata ta aiko imel,
na buɗe, ga abin da ya tare ni,

M?? kh???e r???i

Tsohuwarmu tana asibiti tun kafin mu ɗaga.
Karanta mini. Ni na kasa.

A harshensu harafi ba ya fita kai babu hula.
Ma, haka nan tsirara, fatalwa ce.
Ɗora masa karan da ya miƙe sama, má, ta zama uwa.
Rataya masa ƙugiya, mả, ka haƙa kabari.
Baƙaƙen nan biyu ne dai,
hular ce ke raba mai shayarwa
da ramin da za a rufe ta.

Khiêm bai tanka ba. Ya bi sawun wasiƙar
zango zango, kamar mai neman kwalekwalen da igiyarsa ta tsinke.
Wayar Diễm Trinh ba ta yi ƙarya ba,
ta rubuta a goshin saƙon, UTF-8,
wato ga mudun da na auna haruffana.
Uwar garke ta farko ta duba goshi, ta miƙa.
Ta biyu ma haka.
Ta uku ce tsohuwa,
mai ɗora saƙo a bayan tauraron ɗan'adam,
wadda aka gina tun ana tsammanin
harshe guda ya ishi duniya.
Bakwai take ƙirgawa. Na takwas ba ta san da shi ba.
Duk ƙwayar da ta fi ƙarfin idonta
sai ta ɗage kafaɗa,
ta dasa alamar tambaya a gurbin, ta wuce.

Ba mugunta ba ce. Iyakar karatunta ke nan.

Lộc yana numfashi a waya, kowane daƙiƙa da kuɗinsa.
Khiêm ya sa yatsa a gilashi yana ƙirga.
Karan uwa, ƙwaya biyu yake ci a cikin waya.
Ƙugiyar kabari, uku.
Bayan M ɗin nan: ɗaya, biyu.
Ya sake. Ɗaya, biyu, sai fili.

Ya ce, biyu ne, ɗan'uwa. Ba uku ba.
Lộc ya ce, biyun me?
Ya ce, dakata.
Ya tono asalin saƙon daga ma'ajiya,
inda babu wanda ya taɓa shi,
lambobi suka jeru kamar ƙwayar shinkafa a faifai,
ya sa musu mudun da ya dace,
huluna suka koma kan masu su ɗaya bayan ɗaya:

Má khỏe rồi.
Mama ta warke.

Shiru ya yi tsawo, har Khiêm ya ɗauka layi ya yanke.
Can sai ƙarar inji, da wani abu mai kama da tari.

Bayan an ajiye waya
ya ƙara layi uku a ƙa'idar tsohuwar,
a riƙa naɗe haruffa masu hula cikin lambobin da ta sani
kafin a ba ta dako.
Ya aika wa kansa sunansa don gwaji.
Sunan ya je teku ya dawo,
rumfar kan ê ɗin tana nan.

Ya kurɓi kofin a haka, da sanyinsa.
A ƙasan taga, mai sayar da romon taliya
ta fara hura gawayi.
Akwai sauran wasiƙu ɗari huɗu a layi,
bai san abin da suke ɗauke da shi ba.